Jirgin Ƙasan Kara Da Darasin Hoto: Abin Da Yaranmu Ke Ƙerawa Muke Bari Ya Salwanta

Duk wanda ya san ƙauyukan yammacin Kano, daga Jama'a da Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo har zuwa Garo da Gude a ƙasar Kabo, ya san cewa kaka ba ta manoma kaɗai ba ce. Da zarar an girbe dawa an kwantar da kara, sai wata masana'anta ta buɗe a gindin bishiyoyi da ƙofar zaure. Yara kan zauna da reza ko guntuwar wuƙa, su feƙe ɓawon kara ya zama ƙusa, su yanka totuwa ta zama katako, su yanko taya daga tsohon silifa. Kafin la'asar an sami tirela da a-kori-kura da motar fasinja har da kaya a samanta. Wani lokaci a jona akwatuna biyar ko shida a jere, a sa musu kai mai bututun hayaƙi, a ce ga jirgin ƙasa, alhali tsohon layin dogo bai bi ta Jama'a ko garin Gwarzo ba, kuma yawancin yaran ba su taɓa ganin jirgin ba sai a cikin waya.

Kafin damina ta zagayo, gara ta cinye abin da akuya ta rage. Babu wanda ya ɗauki hotonsa, babu wanda ya rubuta sunan maƙerinsa ko shekarar da aka yi shi. Yaron da zai tashi bayan shekara biyar daga tushe zai sake farawa, tamkar ba a taɓa yin wani kafinsa ba. Wannan asara ce da ba mu lissafa ta cikin asarori. Ina so mai karatu ya biyo ni mu duba yadda wasu al'ummu suka ɗauki irin wannan sha'awa suka mayar da ita ilimi da ma'ajiyar tarihi, da kuma rawar da hoto ya taka a ciki.

Sha'awar da ta zama ilimi

A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, likitoci da alƙalai da direbobi da 'yan fansho, waɗanda ke kashe lokacin hutunsu wajen gina ƙaramin layin dogo. Wasu a cikin ɗaki suke shimfiɗa shi a kan faffaɗan tebur, da tasharsa da gadarsa da tsaunukansa. Wasu kuma a lambun bayan gida, jirgin na ratsa tsakanin furanni yana haye ƙaramin kududdufi. Asalin abin daga kayan wasan yara ne. A shekarar 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirginsa a kasuwar baje koli ta Leipzig tare da layin da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa bisa ƙayyadadden faɗi. A 1920 Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da nasa, wanda ake murɗa wa makulli kamar agogon da. A 1968 kamfanin Lehmann, shi ma na Jamus, ya fito da manyan jirage masu suna LGB, waɗanda aka ƙera don su jure ruwa da rana a lambu.

Ma'auni shi ne ya fitar da wannan sha'awa daga sahun wasa. Ma'abotanta sun yi ittifaƙi a kan yadda za a ƙanƙanta komai daidai wa daida. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda suke kira HO, kowane abu ana raba girmansa gida 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan layi biyu milimita 16.5 ce. Mutanen Birtaniya sun fi son OO, wato kashi ɗaya cikin 76. Mai ƙaramin ɗaki yana da N, ɗaya cikin 160, mai layin milimita 9. Mai lambu kuwa yakan ɗauki ɗaya cikin 22.5 a kan layin milimita 45. Saboda wannan yarjejeniya, taragon da aka ƙera a Tokyo zai hau layin da aka shimfiɗa a Landan ba tare da gardama ba.

Sai dai shimfiɗar layin dogo ba abin da ake saɓawa a kafaɗa a kai wa aboki ya gani ba ne. Sau da yawa a kafe take a jikin bango ko a binne a cikin ƙasar lambu. Saboda haka hoto ya zama ƙafar da take tafiya da ita. An kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Landan a 1910, shekara ɗaya kafin jirgin ƙasa na gaske ya iso Kano. Mujallar Model Railroader ta fara fita a Amurka a 1934, Railway Modeller kuma a Birtaniya a 1949, kuma hotunan da masu karatu ke aikowa na cikin abin da ya raya su. Kowane hoto yana zuwa da bayani: wane ne ya gina, da wane ma'auni, da waɗanne kaya, wace tasha yake kwaikwayo, a wace shekara ta tarihinta. Wani ya gani ya gyara masa kuskure, wani ya koyi dabara ya ɗora tasa a kai. Ta haka ilimin ya riƙa taruwa daga hannu zuwa hannu, har ya kai ga irin gidan kallo na Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hamburg a 2001, inda tsawon ƙaramin layin ya zarce kilomita 15, jama'a kuma ke bin layi don su shiga.

Mutum biyu da ya kamata mu sani

Na farko shi ne John Allen, mai sana'ar ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kaliforniya. Ya shafe shekaru da dama yana gina shimfiɗar da ya raɗa wa suna Gorre & Daphetid a ƙarƙashin gidansa, mai tsaunukan da suka taso daga daɓe suka nufi rufin ɗaki. Ya rasu a watan Janairun 1973, bayan kwana goma kacal gobara ta cinye aikin. Amma da yake mutumin ya riƙa ɗaukar hoton aikinsa mataki-mataki yana rarraba wa mujallu da abokai, har yau ana nazarin dabarunsa, ana koyon yadda yake sa sabon tarago ya yi kama da wanda ya sha rana da ƙura.

Na biyu shi ne Roye England, ɗan Ostireliya da ya isa Ingila a 1925. Ya tarar ana sauya fasalin tsofaffin gidajen karkara masu rufin ciyawa, ana cire jinka ana sa rufin zamani. Sai ya shiga zagaya ƙauyuka yana auna gidajen, yana ɗaukar hotonsu, yana rubuta launin kowane bango, sannan ya sake gina su a ma'aunin ɗaya cikin 76. Daga wannan aiki aka sami gidan tarihi na Pendon da aka kafa a 1954 a yankin Oxford. Gidaje da dama da ya kwaikwaya sun rushe ko sun sauya kama, amma wanda ya je Pendon zai ga yadda karkarar take a shekarun 1920 da 1930.

Mu ma muna da shaida a gida. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda duniya ta san mu da ita, a yau ba ta ko'ina sai a hoto. Ba don waɗanda suka tsaya suka ɗauka ba, da matashin yau ya ɗauki labarinta a matsayin cika-bakin tsofaffi. Gani ya kori ji.

Layin dogonmu da ke shuɗewa

An fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne. Ƙarfe ya iso Kano a 1911 bayan tafiyar mil 350 da 'yan kai, a kan gumin talakawan da sarakuna suka tara don aikin diga. Nauyin wannan aiki a zukatan mutane ya kai har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya tsara waƙa a kansa, wadda aka sani da Waƙar Diga. A 1912 aka haɗe layin da na Legas. Turawa auduga suka sa rai jirgin zai riƙa kwasa, manoman Kano kuwa suka zaɓi gyaɗa, kuma buhunan da suka taso daga ƙauyuka irin namu a bayan jakuna da raƙuma suna cikin waɗanda suka gina dalar nan. Layin ya miƙa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a 1929, daga Kano zuwa Nguru a 1930. Shi ya kawo baƙin da suka cika Sabon Gari, shi ya bar mana kalmomi irin su reluwe da tasha da diga a bakinmu.

Faɗin wannan tsohon layi ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Sababbin layukan da ake ginawa milimita 1,435 ne: na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Abin maraba ne. Amma jirgin sabon layi ba zai hau tsohon ba, kuma abin da aka daina amfani da shi a ƙasar nan mun san makomarsa: 'yan gwangwan su kwashe ƙarfen, masu shaguna su mamaye filin, rufi ya rufta a kan sauran. Ƙananan tashoshin da ke tsakanin Kano da Zariya, da tankunan ruwan da injin mai gawayi ke sha, da rumbunan kaya, da gidajen ma'aikata, duk suna kan wannan hanya.

An riga an yi mana gargaɗi sau ɗaya. Akwai wani siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da inci shida da ya haɗa Zariya da Jos domin jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. A yau ɗalibai nawa ne a jami'o'inmu suka san an taɓa yin sa, balle su iya kwatanta kamannin tashoshinsa? A Ebute Metta ta Legas, wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy 1995 ta gyara tsohon gidan nan na Jaekel ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa, da hotuna da kayan aikin da. Kano, wadda jirgin ƙasa ya sauya wa tattalin arziki fiye da yawancin biranen ƙasar nan, ta cancanci irinsa.

Abin da ma'auni ke koyarwa

A matsayina na malami, abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan darussan da ke ɓoye cikin wannan aiki. A ce an ba ɗaliban sakandare a Gwarzo hoton ginin tasha mai tsawon mita 20, aka ce su gina shi a ma'aunin ɗaya cikin 87. Dole su gano cewa tsawonsa zai zama santimita 23, mutumin da ke tsaye a ƙofarsa kuma santimita biyu. Kilomita ɗaya zai koma mita goma sha ɗaya da rabi, layin Kano zuwa Maraɗi gaba ɗaya ya ɗan haura kilomita uku. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa, ƙaraminsa zai ci kimanin santimita 19 a daƙiƙa. Idan kuma tsohon layinmu suke son kwaikwayo, za su raba 1,067 gida 87 su sami milimita 12 da 'yan kai, su fahimci dalilin da ya sa masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da Ostireliya, inda ake da layi mai faɗi irin namu, kan nemi layin milimita 12. Wannan shi ne lissafin da yara ke gudu a kan allo, amma ga shi sun yi shi da hannunsu saboda suna son taragonsu ya zauna daram.

Haka abin yake a fannin lantarki. Yawancin ƙananan jiragen cikin ɗaki wutar da ba ta wuce bolt 12 ba suke sha ta cikin ƙarafan layin, kwatankwacin abin da batirin babur ko ƙaramin faifan sola ke bayarwa. Ƙaramin injin da ke cikin mataccen rediyo mai kaset ya isa ya ja tarago uku na kwali. Wanda kuma ya shimfiɗa layi a tsakar gida zai yi karo da matsalolin injiniya na haƙiƙa: ina ruwan sama zai bi, wane gangare ne jirgi zai iya hawa, wace irin kwana ce ke kayar da tarago, me ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin ƙarfe da ƙarfe saboda zafin bazara. A jami'ar MIT ta Amurka, ƙungiyar ɗalibai masu ƙaramin layin dogo da aka kafa a 1946 ita ce ta yaye wasu daga cikin matasan farko da suka ƙware a sarrafa kwamfuta, domin sun saba da harhaɗa wayoyi da makunnai a ƙarƙashin teburin jirginsu.

Ƙorafe-ƙorafen da za a yi

Wani zai ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wa ke da sukunin wasan jirgi? Gaskiya ne cewa kan jirgi guda na Märklin ko LGB na iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma ba na kiran kowa ya yi odarsa. Kayan aikinmu suna nan a yashe: kara da gwangwani da langa-langa da waya da kwali da yumɓu. Maginin da ya san tubali da azara da zanko ya fi kowane kamfanin Turai iya fitar da ƙaramin gidan Bahaushe. Wayar ɗaukar hoto kuwa tana aljihun kusan kowane malamin makaranta. Abin da ya rage mana shi ne tsari da ɗaukar abin da muhimmanci.

Wani kuma zai kawo batun mutum-mutumi. Tsantsenin da malamai ke yi a kan surar abu mai rai ne, jirgi da gada da gini da bishiya kuwa ba sa cikin wannan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya barin tasharsa babu mutane, aikinsa bai ragu da komai ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa ai muna ɗaukar hoton. Lokaci zuwa lokaci hoton wani yaro da ya ƙera mota ko jirgin sama yakan karaɗe Facebook da WhatsApp, a yi ta sa albarka, wani mai hali ya kira shi ya ba shi kyauta, bayan mako biyu a manta. Irin wannan hoto na neman tausayi ne ko na burgewa. Fuskar yaron ta cika shi, aikin yana gefe, babu ma'auni, babu bayanin yadda aka haɗa gatarin taya da gangar jiki. Babu wani yaro a Nguru ko Maraɗi da zai dube shi ya koyi komai. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya kai inda ya kai ne domin baiwarsa ta haɗu da makaranta da ma'auni da mutanen da ke duba aikinsa su ce gyara nan.

Abin yi

Hoton da zai yi amfani yana da ƙa'idoji masu sauƙi. A ajiye abin a kan tabarma ko farin ƙyalle da hantsi ko da yamma, lokacin da rana ba ta tsananta ba. A sa rula ko kwalin ashana a gefensa don a gane girmansa. A ɗauke shi ta gaba da baya da gefe, sannan a kifa shi a ɗauki cikinsa, domin a nan dabarar take. A sauko da wayar ƙasa daidai tsayin abin, yadda zai fito kamar na gaske. A rubuta sunan maƙerin da garinsu da shekara da kayan da ya yi amfani da su. Idan yaro ne ƙarami, a nemi yardar iyayensa, kuma a fi mayar da hankali ga aikin da hannayen da suka yi shi.

Makarantun firamare da sakandare na Gwarzo da Kabo za su iya ware rana ɗaya bayan girbi don baje kolin abin da yara suka ƙera, malamin kimiyya ya ɗauki hotuna ya adana su da shekararsu, a buga kaɗan a liƙa a allon sanarwa domin wayoyi na ɓata kuma suna lalacewa. Babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo tana da damar zama cibiyar da waɗannan hotuna za su taru, ɗalibanta su riƙa mayar wa yaran da shawara. Ɗaliban tarihi da na zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello za su iya ɗaukar tsofaffin tashoshi ɗaya bayan ɗaya a matsayin aikin kammala karatu, su nemi izinin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, su auna, su ɗauki hoto, su tattauna da tsofaffin ma'aikata tun suna raye. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da Jami'ar Sufuri ta Daura su ma wannan fagensu ne.

Daga ƙarshe, ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da masu kula da Gidan Makama su yi tunanin ware ɗaki guda a gina tashar Kano kamar yadda take a shekarun 1950: jirgi mai hayaƙi yana shigowa, dalar gyaɗa a bayansa, rumbunan kamfanoni a jere. Tsofaffin hotuna suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa da akwatunan iyalan tsofaffin ma'aikatan reluwe. Kafintoci da maƙera da masu walda muna da su a kowace unguwa. Masu fitar da taragai kuwa, a je Jama'a bayan an girbe dawa, za a same su a gindin bishiya da reza a hannu. Allah Ya ba mu ikon gane darajar abin da ke gabanmu tun bai kuɓuce mana ba.